Mai Juyi Ba Shi Ne Mai Littafi Ba

A manyan makarantun ilmi na Turai, da Amurka, da Sin, da Japan, akwai wata sana'a wadda kakanninmu ba su taɓa jin labarinta ba. Masana su kan ɗauki ɗan guntun rubutun gado wanda ke cikin jikin ɗan Adam, su sa shi cikin wata ƙaramar halitta wadda ido ba ya gani, su ciyar da ita cikin kwalba, ita kuwa ta shiga ƙera musu wani abu wanda a da ba a samunsa ko'ina sai cikin naman mutum. Sa'an nan su tace shi, su ɗura a 'yan kwalabe, su adana cikin ƙanƙara. Har akwai kamfanonin da ke sayar da shi ga masu bincike, kamar yadda a ke sayar wa malami tawada da takarda. Duk mai hankalin da ya ji wannan labari, tilas tambaya uku su zo masa. Shin wannan aiki ba shiga hurumin Mahalicci ba ne? Shin ba wulakanta ɗan Adam ba ne a sa ƙwayar da ke zaune cikin hanji ta yi aikin jikinsa? In kuma an yarda aikin ya dace, to, abin da aka samu na wane ne?

Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya san abin da a ke shari'a a kansa. Saboda haka bari mu fara sanin abin tukuna, kana mu auna shi.

An gina jikin mutum da waɗansu ƙananan ɗakuna, kamar yadda a ke gina gari da gidaje. Masana sun ƙiyasta yawansu ya kai kamar miliyan sau miliyan talatin, ba a kuwa ganinsu sai da madubin likita. Kusan kowane irin ɗaki yana da murhu a cikinsa, kuma ba ɗaya ba. A hanta, ɗaki guda ya kan ƙunshi murhu dubu ko fiye. Sunan wannan murhu a bakin masana mitokondiriya, ƙanƙantarsa kuwa ta kai in an jera dubu, da ƙyar su kai tsawon ƙwayar gero. A cikinsa ne abincin da muka ci ya ke gamuwa da iskar da muka shaƙa, ƙarfi ya fito. Tuwon da manomi ya ci da safe ba ya zama ƙarfin damtse sai ya bi ta wannan murhu. Wanda ya mallaki sa ba ya iya sayen gishiri da shi sai ya sayar, ya karɓi ƙananan kuɗi. Haka abinci ya ke ga jiki. Murhun nan shi ke canja shi zuwa wani abu da masana ke taƙaita sunansa da haruffa uku, ATP, wanda da shi ne zuciya ke bugawa, ido ke ƙiftawa, ƙwaƙwalwa ke tunani. A yini da kwana guda mutum ya kan ƙera wannan abu ya kashe, ya sake ƙerawa ya kashe, har jimlarsa ta kai kamar nauyin jikinsa.

Wutar wannan murhu ba ta da harshe, ba ta da hayaƙi. Da abinci zai kama gaba ɗaya kamar busasshiyar ciyawa, da ya ƙone mai shi. Sai aka sa yana cinyewa kaɗan kaɗan, mataki bayan mataki, kowane mataki da ma'aikacinsa. Waɗannan ma'aikata su ne a ke kira inzayim. Ba rai gare su ba. Kowannensu wani ƙulli ne na furotin, watau irin abin da ke gina nama, wanda aka naɗe bisa wata siffa don ya kama abu ɗaya tak ya juya shi, kamar yadda mabuɗi ke buɗe kwaɗonsa kaɗai. Mun san aikin irinsu tun ba mu san sunansu ba. In ka daɗe kana tauna gurasa za ka ji ta soma zaƙi, aikin inzayim ɗin miyau ke nan. In mace ta naɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda ya yi laushi, aikin inzayim ɗin gwanda ke nan.

Wani masani mai suna Hans Krebs, wanda aka kora daga aikinsa a Jamus cikin 1933 don shi Bayahude ne, ya koma Ingila, shi ya gano babbar hanyar wannan murhu a garin Sheffield cikin 1937. Da naman ƙirjin tantabara ya yi bincikensa, gama tsokar da ke ɗaukar tsuntsu sama tana cin wuta ƙwarai. Ya ga ashe ma'aikatan a kewaye su ke, wannan ya miƙa wa wancan, har kaya su komo inda suka faro. Yanzu an san su takwas ne a wannan kewaye, ban da waɗansu masu yawa da ke shigo musu da kaya, da masu karɓa daga hannunsu. In ɗaya ya tsaya, sauran sun tsaya. Dafin da ke cikin rogo mai ɗaci, wanda saboda shi a ke jiƙa rogon a shanya kafin a ci, ba abin da ya ke yi sai ya riƙe hannun ma'aikacin ƙarshe, mai miƙa kaya ga iskar da muka shaƙa. Sai mutum ya shaƙe, alhali kuwa huhunsa cike da iska.

To, akwai waɗanda a ke haifa da wani ma'aikaci gurgu, ko kuwa babu shi sam. Cikin 1962 wani likita na birnin Stockholm a ƙasar Suwidin, Rolf Luft, ya ba da labarin wata mace wadda kullum jikinta zafi, gumi na zuba ko cikin sanyin ƙasarsu, tana ci da yawa amma tana ramewa. Da aka yanki ɗan naman tsokarta aka duba, sai aka tarar murhunta na cin wuta ba ƙaƙƙautawa, amma ƙarfin da ke fitowa kaɗan ne, saura duk zafi. Ita ce ta farko da aka tabbatar ciwonta daga wannan murhu ya ke. Yau an san irin waɗannan cututtuka da yawa, an kuma ƙiyasta su kan sami mutum ɗaya cikin kamar 5,000. Da yawansu yara su ke kamawa, su raunana tsoka, ko ido, ko zuciya, ko ƙwaƙwalwa.

Mai gyaran agogo ba ya gane haƙorin da ya karye sai ya kwance agogon ya ɗauki haƙorin a hannu. Haka mai bincike ya ke bukatar ma'aikaci ɗaya, shi kaɗai, tsarkakakke, da yawan da zai isa gwaji. Daga ina zai samo shi? Shekaru da yawa masana suna zuwa mayanka da sassafe suna sayen zukatan shanu, su niƙa, su tace. An ƙaru da wannan ƙwarai, amma na sa ba na mutum ba ne, balle a ce na yaron nan da ke kwance. Ba kuwa mai yankan zuciyar mai rai don bincike. Ɗiba daga matattu ma an ga ƙarshensa a wani fanni na kusa. Akwai wani ruwa mai sa girma wanda a ke ba yaran da suka tsumbure, a da daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwar matattu a ke tatso shi. Cikin 1985 aka dakatar, don an gane yana ɗauke da wata cutar ƙwaƙwalwa marar magani, wadda daga baya ta kashe fiye da mutum 200 a ƙasashe dabam dabam.

Mafita ta zo ta hanyar rubutun gado. A cikin ɗakunan jiki akwai wani zare siriri wanda aka rubuta umarnin ƙera kowane ma'aikaci a kansa, da haruffa huɗu kacal. Shi ne masana ke kira DNA. Murhun nan yana da ɗan littafinsa na kansa, mai haruffa 16,569, wanda aka gama karantawa a Kambirij cikin 1981. Daga wajen uwa kaɗai a ke gadonsa, umarnin furotin goma sha uku ne kuma a ciki. Sauran kayan murhun, fiye da dubu, umarninsu na cikin babban littafin da mutum ke gada daga uwa da uba. Cikin 1973 waɗansu masana biyu na jihar Kalifoniya a Amurka, Stanley Cohen da Herbert Boyer, suka nuna yadda za a yanki guntun irin wannan rubutu, a ɗinke shi da wani, a sa cikin bakteriyar da a ke kira Ikolai, wadda asalin mazauninta hanji ne. Bakteriyar ba ta tambayar mai rubutu. Abin da ta tarar shi ta ke karantawa ta aikata. In ta sami abinci da ɗumi, ɗaya ta kan rabu biyu cikin kamar minti 20, saboda haka kwalbar da aka shuka da maraice, kafin gari ya waye ta yi kauri da su, kowace tana ƙera abin da aka umarce ta. Da wannan dabara aka yi insulin na mutum, maganin ciwon sukari, cikin 1978, aka soma sayar da shi cikin 1982, bayan shekara sittin ana tatso shi daga cikin shanu da aladu. Da ita ce kuma a ke yin ma'aikatan murhun jiki don bincike.

Ga misali uku na abin da aka samu. Akwai jariran da ke rasa wani ma'aikaci mai ƙona kitse. Muddin suna cin abinci a kan kari lafiyarsu lau, amma in zazzaɓi ko amai ya hana su ci, sai jiki ya nemi kitse ya kasa ƙonawa, yaro ya suma, wani ma ya tafi ke nan. Da aka juya rubutun gurgun ma'aikacin cikin bakteriya, sai aka ga laifinsa: ba ya naɗuwa daidai, zafi kuma yana ƙara lalata shi. Yanzu a Ingila a kan ɗibi ɗigon jini a dugadugin kowane jariri ran da ya kwana biyar, a nemi wannan ciwo tare da waɗansu. Wanda aka samu da shi, babban maganinsa kada a bar shi da yunwa.

Na biyu, akwai wata sankarar jini wadda a cikinta wani ma'aikacin murhu ke karkacewa. Wajen 2009 zuwa 2010, da aka ƙera irin waɗannan karkatattu cikin kwalba aka gwada, sai aka ga abin mamaki. Ashe ba barin aiki suka yi ba, wani sabon abu su ke ƙerawa wanda ke hana ƙwayoyin jini nuna. Aka nemi maganin da zai ɗaure hannun karkataccen, aka samu, hukumar Amurka ta yarda da shi cikin 2017. Bai warkar da kowa ba, amma a gwaji kamar huɗu cikin goma sun sami sauƙi.

Na uku ya fi kusa da mu. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ita ma tana da nata murhu, da nata ma'aikata, masu kama da namu amma ba daidai ba. Waɗansu masana a birnin Dallas suka ƙera wani ma'aikaci iri biyu, na ƙwayar da na mutum, suka ajiye kusa da juna, suka yi ta gwada magunguna dubbai suna neman wanda zai kama na ƙwayar ya ƙyale namu. Sun sami ɗaya wanda aka gwada ga marasa lafiya a ƙasar Peru ya yi aiki, ko da ya ke daga baya an dakatar da shi saboda illar da aka gani a gwajin dabbobi. Da babu na mutum a kwalba, da a jikin mutane za a yi wannan lalube tun daga farko.

Yanzu mu koma ga tambayoyinmu. Ta farko ita ce ta hurumi. Duk wanda ya zauna a ofis ya san bambancin mai magana da mai juyi, watau mai kwafar rubutu. Sarki ya faɗi magana, magatakarda ya rubuta, wani malami ya juya ta sau goma a aika wa hakimai. Ko da hannunsa ya fi na kowa kyau, ba wanda zai ce maganar tasa ce. Masanin nan mai juyi ne. Bai ƙago harafi ko ɗaya cikin huɗun nan ba. Bai tsara siffar ma'aikacin ba, bai hura wa bakteriya rai ba, bai kuma koya mata karatu ba. Ya tarar da rubutu, ya tarar da mai karantawa, ya haɗa su. Sa ƙananan halittu aiki kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Mai nono da ke zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara, da mai daddawa da ke rufe kalwa ta kwana uku, bakteriya su ke kiwo, ko da ba su gan ta ba. Mai lambun da ya ɗaura reshen mangwaro mai zaƙi a kan kututturen wani, shi ma ya haɗa abin da bai tarar a haɗe ba, ba a kuwa taɓa cewa ya yi gasa da Mahalicci.

Amma masu tsoro suna da hujja wadda ba ta wasa ba ce. Su kan ce mai lambu mangwaro da mangwaro ya haɗa, wannan kuwa ya haɗa mutum da ƙwayar hanji, wa ya san abin da zai fito in ta kuɓuce daga kwalba? Abin lura shi ne, masanan da kansu su suka fara faɗin haka. Cikin 1974 Paul Berg da waɗansu manyan abokan aikinsa suka rubuta wa 'yan'uwansu na duniya takarda, suka roƙi a dakatar da waɗansu gwaje-gwaje sai an auna haɗarinsu, aka kuwa dakata. A watan Fabrairu na 1975 mutum kamar 140 suka taru a Asilomar, a bakin teku a Kalifoniya, har da lauyoyi da 'yan jarida, suka yi kwanaki suna gardama. Suka ƙulla sharuɗɗa: kowane gwaji a tsare shi gwargwadon haɗarinsa, a yi aiki da raunanan bakteriya waɗanda ba su iya rayuwa a waje, waɗansu gwaje-gwajen kuma a bar su tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan mutane suna da iko a hannu, da suna da dukiya a gabansu, suka tsaya don kansu. A nan ne iyaka ta ke, a ganina. Mai ƙetare ta shi ne wanda ya aikata abin da bai san ƙarshensa ba, a kan wanda bai yarda ba, cikin abin da ba ya gyaruwa. Irin wannan ya faru a ƙasar Sin cikin 2018, sa'ad da wani masani, He Jiankui, ya canja rubutun gadon jarirai tun kafin a haife su. Masanan duniya suka yi tir da shi, kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara uku. Mai kwalba in ya yi kuskure ya zubar ya wanke. Wannan kuwa kuskurensa a jikin 'ya'yan mutane zai zauna, har ya bi zuriyarsu.

Tambaya ta biyu ita ce ta daraja. Abin da ke cikin kwalbar nan ba mutum ba ne, ba ma guntun wani mutum ba ne, gama ba a yanko shi daga jikin kowa ba. Sumar da wanzami ya aske ta fi shi kusa da mai ita. Darajar ɗan Adam kuwa ba a naman jikinsa ta ke ba, in da can ta ke, da ƙato ya fi siriri mutunci. Tana cikin hankalinsa, da cika alkawarinsa, da tausayinsa, ba kuwa bakteriyar da za ta ƙera waɗannan. Abin da wannan ilmi ya taɓa girman kai ne, shi kuwa gara a taɓa shi. Ma'aikata takwas ɗin da Krebs ya bi sawunsu a ƙirjin tantabara su ne a zuciyar sa, su ne a jikin sarki, su ne a jikin mai yi masa figini. Rubutun mutum kuma ƙwayar hanji na karanta shi ba tafinta. Har ma tun bayan bayanin da wata masaniya, Lynn Margulis, ta yi cikin 1967, yawancin masana sun tafi a kan cewa murhun nan kansa asalinsa wata bakteriya ce da ta shiga cikin ɗaki tun zamani mai nisa, ta zauna, ta zama 'yar gida. Wanda ya san haka ya fi kusa da tawali'u bisa ga wanda bai sani ba.

Wulakanci yana nan, amma a wani wuri dabam ya ke shigowa. Cikin 1951 a birnin Baltimore na Amurka, wata baƙar mace, Henrietta Lacks, ta je asibiti da sankarar mahaifa. Aka yanki ɗan naman ciwon aka ba masu bincike, ba a tambaye ta ba. Ta rasu a wannan shekara tana da shekara 31, amma ɗakunan jikinta suka ci gaba da rayuwa cikin kwalba, aka rarraba su ko'ina a duniya, aka yi bincike mai yawa da su, har da gwajin rigakafin shan inna, waɗansu kuma suka yi ciniki da su. Iyalinta ba su sami labari ba sai bayan shekara ashirin da wani abu, suna cikin talauci. Sai cikin 2023 wani kamfani ya yi sulhu da zuriyarta. Amfanin da aka samu babba ne, amma girman amfani ba ya wanke ɗauka ba da izini ba. Ashe abin da ke tsare darajar mutum a wannan sana'a kalma ce ƙarama: a tambaye shi, a gaya masa gaskiya, a kuma bar shi ya ƙi in ya so.

Saura tambaya ta uku, ita ce kuwa mai wuya. Ma'aikaci ya cancanci ladan guminsa. Wanda ya kashe shekaru da dukiya yana lalube, sau tara yana faɗuwa, in ba ya fatan samu a na goma, ba zai sake farawa ba, marasa lafiya kuwa su za su yi hasara. Saboda haka hukumomi su kan ba mai ƙago abu takardar mallaka ta 'yan shekaru. Amma me zai mallaka? Wani kamfani a Amurka ya riƙe takardar mallakar wani sashen rubutun gadon ɗan Adam wanda ya shafi sankarar mama, har ba mai iya duba mace a kansa sai ta hannunsa, a kan dala 3,000 da wani abu. Cikin 2013 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke cewa rubutun da ke jikin mutum bisa halitta ba a mallakarsa don kawai an ware shi, sai dai abin da mutum ya sarrafa da hannunsa. Watau kotu ta bambanta littafi da juyi. Wanda ya haƙa rijiya ya karɓi ladan haƙa da na guga, amma kada ya ce shi ya yi ruwan ƙasa.

Duk da haka hukuncin kotu bai kai ƙarshen magana ba, gama abu ya kan halatta a shari'a, mutumci ya ƙi shi. Cikin 1923 mutum uku daga cikin waɗanda suka fito da insulin a Kanada suka sayar wa Jami'ar Toronto takardar mallakarsa a kan dala ɗaya kowanne, don kada a tsauwala wa marasa lafiya. Bayan kusan shekara ɗari, cikin 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cewa kamfanoni uku ke riƙe da fiye da kashi tara cikin goma na kasuwar insulin, kuma kamar rabin manya masu ciwon sukari da ke bukatarsa ba su samunsa, alhali bakteriya da yisti ke ƙera shi cikin manyan tukwane. Maganin sankarar jinin da muka ambata, sa'ad da ya fito, kuɗinsa kusan dala 25,000 ne a wata. Cikin 2022 zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum kamar 600,000, yawancinsu yara ƙanana na Afirka, kusan uku cikin kowane goma kuma a Nijeriya. Neman sabon maganinsa kuwa galibi da kuɗin gwamnatoci da na masu taimako a ke yinsa, don waɗanda ya ke kashewa ba masu saye da tsada ba ne.

To, ga inda awo ya tsaya. Juya rubutun jiki cikin kwalba don a gane ciwo aiki ne mai kyau, ya fi niƙa zukatan shanu kai wa ga gaskiya, ya fi tatsar matattu tsabta, ya fi lalube a jikin masu rai tausayi. Ba ya rage wa Mahalicci kome, ba ya rage wa ɗan Adam kome. Amma tun da ya ke mai wannan aiki mai juyi ne, abin da ke hannunsa ajiya ce. Littafin na dukan 'yan Adam ne, baƙi da fari, mai kuɗi da matalauci, kowa ya gaji nasa kofe daga iyayensa ba da ko anini ba. Sanin inda ya kan ɓaci kuwa daga marasa lafiya aka samo shi, irin matar nan ta Stockholm da ta miƙa tsokarta aka yanka, da iyayen da suka yarda a ɗebi jinin 'ya'yansu. Mai riƙe da ajiya yana da abu uku a wuyansa: ya nemi izini kafin ya ɗauka, ya tsaya in bai san ƙarshen hanya ba, ya kuma mai da amfanin ga masu shi a kan kuɗin da za su iya biya. Na farko da na biyu masana sun koye su da wahala, har sun zama doka a ƙasashe da yawa. Na uku shi ne har yanzu ba a cika ba. Malamin da aka ba takarda ya juya don jama'a, ya juya da kyakkyawan hannu, sa'an nan ya kulle ta cikin akwatinsa sai mai kuɗi ya gani, ba za a kama shi da laifin ɓata rubutu ba, amma ranar da aka zo binciken ajiya tilas ya amsa tambaya.